Falankin da Damina Ta Kulle

Ranar da ruwa ya ci farfajiyar wurin aikinmu, ranar aka kira yayata ɓarauniya a gaban mutum ashirin.

Wurin sarrafa katako ne. Mu yanka shi, mu jiƙa shi a magani saboda gara, mu yi ƙofofi da tagogi da kujeru. Ni ne fenta, ni ke shafa kala da banish, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Yayata kuwa, wadda duk wurin suke kira Yaya don sun ji a bakina, shekara goma sha ɗaya ta yi tana goge katako da samfefa kafin Maigida ya danƙa mata makullin sito. Satinta uku kacal da makullin.

Ruwan ya sauko da hantsi kamar da bakin ƙwarya. Kafin azahar ya fara lasar gindin tarin madacin da muka shekara muna busarwa. Maigida ya daka tsawa a fito da injin zuƙe ruwa. Yaya ta buɗe sito, mutum biyu suka kinkimo akwatin injin daga lungu, aka ɗaga murfi. Wayam! Guntayen katako ne a ciki, an jera su tsaf don akwatin ya yi nauyi.

Muka yi ta kwasar ruwan nan da bokitai har la'asar, amma layi biyu na ƙasan madacin sun riga sun sha. Maigida ya tsaya a tsakiyar taɓo, wandonsa a nannaɗe, ya kira Yaya.

"Wa kika taɓa ba makullin nan?"

"Ba kowa, Maigida. Wallahi ko na minti ɗaya bai bar jikina ba."

Da bakinta ta ɗaure kanta, baiwar Allah. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau. Siton ba shi da taga, ba a taɓa rufin kwanon ba, bangon kuwa falankan ƙawo ne masu kauri, ba ƙusa ko ɗaya, leɓen kowanne ya shige cikin ramin na kusa da shi har allura ba ta samun hanya. Kafin ita, makullin a aljihun Maigida yake zama, kuma da idonsa ya ga an sa injin a akwati a ƙarshen daminar bara.

"To ke ce ɓarauniyar," in ji shi. "Na ba ki kwana bakwai. Ko inji ya dawo, ko 'yan sanda su zo su tafi da ke."

Ya miƙa hannu, ta cire makullin daga wuyanta ta ba shi. Na zabura, Kawu ya riƙe ni. Kawu shi ne babban kafintanmu, dattijon da ya koya wa rabin wurin riƙon zarto, kuma shi ya sa baki aka ɗauki Yaya aiki tun farko.

"Kwantar da hankalinka, Fenta," ya ce. "Gaskiya za ta fito."

Kafin mu tashi aiki labari ya gama unguwa. Mai shayin bakin ƙofa, da kullum sai ya tsokane ta, ya koma leƙen tukunyarsa in ta zo wucewa. Maƙwabciyarta ta aiko a karɓo mata dutsen gugar da ta ara mata. Ƙaramar 'yarta ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce uwarta ta sayar da inji. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wanda ya tambaya ta yaya mace ɗaya za ta fice da injin da sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga.

*

Washegari na tafi wajen Mai Sawu.

Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, shekara talatin yana bin sawun masu saran itace ba izini. Yanzu ya ajiye aiki, yana renon dashen itatuwa a leda a bayan gidansa. Na same shi a tsugune yana ba su ruwa da buta. Na zazzage masa labari kaf, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ƙawo ka ce bangon?"

"Baba, maganar inji nake maka!"

"Na ji. Wane magani ƙawon ya sha?"

"Yo ina ruwan magani da sata?"

"Miƙo min takalmana," ya ce. Ya biyo ni da butarsa a hannu, yana tafe kamar ba a jiransa, ni kuwa kamar in goya shi.

Da muka isa ko kallon kwaɗon bai yi ba. Ya gaida Yaya, wadda Maigida ya ce ta riƙa zuwa kullum tana zama a benci kada ta gudu, sannan ya zagaya bayan sito. Akwai wani ɗan lungu a can tsakanin bango da katanga, faɗin mutum ɗaya. Wurin tudu ne, rufi ya ɗan rufe shi, ambaliyar ba ta hau ba. Ƙasar yumɓu ce, ta bushe ta yi tauri.

"Kada ka taka," ya ce, ya tare ni da buta.

Sawaye ne, amma na takalmin roba, irin wanda Maigida ya saya mana duka a dila ɗaya. Na ce wannan ai aikin banza ne, har ni ina da irinsa.

"Ba takalmin nake dubawa ba. Tsuguna. Ga zuwa, dunduniya ta nutse. Ga komawa, ta nutse daidai haka. Wanda ya zo sata hannu biyu yake zuwa, a komawa ne ƙafarsa take nauyi. Wannan da kaya ya zo, da kayan ya koma. Nan ya sauke, ga shatin ƙafafu huɗu. Nan kuma ya daɗe a tsaye a jikin bango yana ta tattake wuri ɗaya."

"Wato me ke nan?"

"Wato ban sani ba tukuna. Yaushe kuka yi ruwan fari?"

"Sati biyar. Ya zo da wuri, ya ba kowa mamaki."

"Bayansa kaɗan aka yi sawun nan, ƙasa da sauran laushi." Ya karyo tsinke, ya auna tsakanin shatin ƙafafun, ya sa a aljihu.

*

Maigadi ne ya ja ni gefe da yamma. Wai shi ba ya son shiga maganar mutane, amma da rani ya ga wani inji a bayan motar Direba, an lulluɓe shi da buhu.

Ban tsaya jin ƙarshe ba. Da safe ina ganin Direba na ci kwalarsa a gaban mota, na ce masa abin da ba zan maimaita ba a nan. Shi ma bai bar ni ba. Sai da Mai Sawu ya shiga tsakaninmu ya ce mu je a ga injin.

Direba ya kai mu inda wansa yake buga bulo. Ga inji kuwa yana ta ƙugi a bakin rijiya. Mai Sawu ya zaro tsinkensa ya kara a ƙafafun, sai ga shi sun fi tsinken faɗi da kusan taƙi guda. Injin wan nasa ne, gyara ya kai masa ranar da Maigadi ya gani.

Kunya ta rufe ni. Na ba shi haƙuri, ya ce ba zai haƙura ba sai na sake wa ƙofar motarsa fenti.

"Ni laifina ɗaya da siton nan," in ji shi muna hanyar dawowa, "daminar bara na ja da baya na daki katanga, ta tura wani gungume ya tsaga falanki ɗaya a bangon baya. Kuma an canza shi a satin."

Mai Sawu da ke gyangyaɗi a gefen taga ya buɗe ido.

"Da damina aka canza shi?"

"Ana tsakiyar ruwa."

"Taka motar nan, ɗana," ya ce. Karo na farko ke nan da na ga yana sauri.

*

Ya cika butarsa a famfo, muka koma lungun. Ya fara daga wannan kusurwa yana tsiyaya ruwa a jikin falankan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ruwan sai ya dunƙule ya gangaro ya bar shi a bushe. Da ya zo kan wanda ke daidai inda aka tattake ƙasa, ruwan bai gangaro ba. Katakon ya shanye shi nan take, wurin ya yi duhu.

"Launinsa ɗaya da 'yan'uwansa, amma ba halinsu ɗaya ba," ya ce. "Wa ya shafa masa kala?"

"Ni ne, Baba. An ce in daidaita shi da sauran, na daidaita."

"Ka iya aikinka. Kai ma ka shiga layin waɗanda nake zargi."

Ban ji daɗin wasan ba ko kaɗan.

Daga nan muka nufi rumfar Baƙin Hannu, mai jiƙa mana katako a magani. Sunan ya samo shi ne daga hannayensa, waɗanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Mutum ne mai ƙunci, in ka gaishe shi sai ya duba ko da wata manufa. Amma ana taɓo maganar katako sai bakinsa ya buɗe.

"Magani biyu gare ni," ya ce, ya nuna duro da kwami. "Wannan na mai ne. In na dafa shi na tsoma katako, yana kashe gara, yana kuma toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Katakon zai kumbura da damina, amma kaɗan, kuma a hankali. Wancan gari ne da nake damawa da ruwa. Gara ba ta kusantarsa, amma bai hana katako shan ruwa ba. Daga kwamin ma a kumbure yake fitowa, sai ya yi sati shida a inuwa kafin a auna shi."

"In aka auna shi da danshinsa fa, aka kafa?" in ji Mai Sawu.

"Rani na yi zai tsuke. Ba a tsawo ba, katako ba ya wasa da tsawonsa, a faɗi. Falanki mai faɗin na siton can zai iya rage kaurin babban yatsa. Damina ta dawo ya sake buɗewa ya matse na kusa da shi, ko da guduma ba ka motsa shi."

"Falankin da aka canza bara, wanne ya sha?"

Baƙin Hannu ya haɗe rai. "Na ruwa. Mai ya ƙare a satin. Na ce a jira, Maigida ya ce ba zai bar sito a buɗe ba. Daga kwami aka ciro shi yana ɗiga aka kai wa kafintoci. In ana neman wanda za a maƙala wa laifi, a nemi wani."

"Su wa suka san haka?"

"Ni, da Maigida, da Direba da ya jawo, da Kawu da kafintocinsa biyu, da wannan mai bakin da ya rufe abin da kala."

Na fita daga rumfar ina lissafa mutanen da na ci abinci da su a kwano ɗaya.

*

Maigida ya kusa haɗiye harshensa da ya ji abin da Mai Sawu yake so. A kwashe kayan da ke jikin bangon baya, a rufe bayan da tamfol kada feshi ya taɓa shi, a jera kurfoti uku na gawayi a ciki daura da falankin, a yi ta hurawa kwana uku.

"Wuta a siton katako?" in ji Kawu. "Wannan ai ganganci ne, Maigida."

"Za mu kawo wa falanki ɗaya rani ne kawai," in ji Mai Sawu. "In sito ya ƙone, ga ni, ga gidana."

Maigida ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don madacin da ya jiƙe yana ci masa rai, yana son ya ga ƙarshen abin. Ni da Direba muka riƙa karɓa-karɓa da mafici da bokitin ruwa a kusa. Zafin ɗakin nan, Allah ya kiyaye! Gumi har cikin takalmi. Mai Sawu kuwa yawonsa kawai yake tsakanin bencinan kafintoci, ya ɗauki ɓawon katako ya murza, ya yar, ya tambayi wani abin da bai shafi komai ba.

Yaya na zaune a bencinta, hannu a cinya, mutane na wucewa ta gabanta suna kau da kai. Kawu ne kaɗai yake tsayawa kowace safiya.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Kawu."

Rana ta biyu ba abin da ya motsa. Na tura falankin da kafaɗa, kamar na tura dutse. Na ce wa Mai Sawu in wannan shirme ne gara ya faɗa min in nemi lauya. Ya ce in ƙara gawayi. Rana ta uku da la'asar ina durƙushe ina fifita, sai na ji ƙas! Na ɗaga kai. Wani siririn haske ya ratso ta gefen falankin, tun daga sama har ƙasa.

*

Safiyar kwana na bakwai Mai Sawu ya tara mu a cikin sito: Maigida, Kawu da kafintocinsa biyu, Direba, Baƙin Hannu, Maigadi, ni da Yaya. Sauran ma'aikata suka cika bakin ƙofa. Ya ce kafintoci su zo da akwatunan kayan aikinsu.

Bai yi dogon bayani ba. Ya dafa falankin da tafin hannu biyu, ya matsa shi gefe ɗaya, ya ɗan ɗaga. Tsoho mai shekara saba'in, sai ga falankin ƙawo ya fito a hannunsa salin-alin. Ga lungu, ga katanga, ga ƙofar da mutum zai ratsa a karkace da kaya a hannu.

Aka ɗauki salati. Maigida ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Ga ƙofar da aka bi," in ji Mai Sawu. "Da rani take buɗewa, ruwan fari na sauka ta kulle kanta. An yi ruwan fari sati biyu kafin a ba baiwar Allahn nan makulli. Ranar da ta karɓe shi, guntayen katako ta karɓa a akwatin can."

Na dubi Yaya, idonta a rufe, leɓenta na motsi.

"To wa ya bi ta nan?" in ji Maigida.

Mai Sawu ya kwantar da falankin a kan akwati, ya juyo gefensa wajen haske. Leɓen da ke shiga rami ya yi fari, an ɗan rage shi da magogi, abin nan mai wuƙa da kafinta ke fere katako da shi. A tsawonsa kuma akwai wani siririn layi da ya taso kamar zare.

"Tsukewar rani ta kusa sakin falankin, amma da saura kaɗan, sai aka taimaka mata. Ƙarfe ma yana barin sawu. Wuƙar magogin da ta bi nan tana da giɓi a baki, shi ya bar layin nan. Kowa ya fito da nasa."

Aka kawo guntun katako. Kafinta na farko ya goga, sumul. Na biyu ya goga, sumul. Kawu ya ɗauko nasa, wanda yake nannaɗewa a tsumma kamar jariri, ya ja sau ɗaya, katako ya fito yana ƙyalli, ba layi ba alama. Na ce shi ke nan, yanzu za a waiwayo kan mai kala.

Mai Sawu ya juya wajen Baƙin Hannu. "Kafintan da ya san darajar magoginsa, zai ɗora shi a katakon da ya sha maganin ruwa?"

Baƙin Hannu ya yi wata dariya, ta farko da na taɓa ji a bakinsa. "Ina! Gishirin maganin yana dakushe wuƙa, yana sa mata tsatsa. Ai shi ya sa Kawu yake ajiye tsohuwar wuƙarsa a ƙasan akwati don irin wannan ƙazamin..."

Duk muka juya muka dubi Kawu.

"Kawu," in ji Mai Sawu a hankali, "a fito da tsohuwar."

Kawu bai taɓa akwatin ba. Ya nemi wuri a kan buhun garin katako ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ba sai an goga ba," ya ce. "Injin yana lambuna, a rufe da buhu."

Ya faɗi sauran da kansa, kansa a ƙasa. Da rani rijiyar lambunsa ta yi nisa, albasarsa na mutuwa. Ya lura falankin ya yi sako-sako. Ranar da ba aiki, Maigadi ya tafi cin abinci, ya zo ya ɗauka da niyyar sati uku ya mayar, ba wanda zai sani. Sai ruwa ya riga shi. Kwana biyu da ruwan fari ya kinkimo injin ya dawo da shi lungun, ya tarar falanki ya kumbura ya cije.

"Na saba da na mai, mai ba ka sati biyu kafin ya matse. Na manta wannan na ruwa ne. Na tura, na ja, har farcena ya fita. Haka na koma da shi."

"Shi ne sawun da ya zo da nauyi ya koma da nauyi," in ji Mai Sawu, yana kallona.

Kawu ya ɗago ya dubi Yaya. "Sau uku ina roƙon ki bar min makulli in ɗauki ƙusa, kina cewa sai dai ki raka ni. Da kin ɗan yi sakaci sau ɗaya, da na mayar, da duk haka ba ta faru ba."

Wallahi na yunƙura zan yi kansa, Direba ya rungume ni ta baya. Yaya ta miƙe. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Au, laifina ne da na riƙe amana? Kawu, injin bai dame ni ba. Mutum yakan shiga matsi ya yi abin da bai dace ba. Amma kwana bakwai kana tsayawa a kaina kana ce min ya haƙuri. Da yau ta zo aka sa ni a motar 'yan sanda, me za ka ce min?"

Wani daga bakin ƙofa ya fara cewa a yi haƙuri, dattijo ne, ta juya ta dube shi.

"Kada wanda ya roƙe ni yau. Wataƙila wata rana. Ban da yau."

*

Maigida bai kira 'yan sanda ba. Ya sa Kawu ya je ya turo injin a baro da rana tsaka, ta babbar ƙofa, ta gaban mai shayi da duk masu zaman benci, sannan ya ce ya kwashe akwatinsa. Na ɗauka zan ji daɗin ganinsa yana fita. Ban ji ba, shi ya fara riƙe min hannu a kan burushi. Amma ban bi shi da ko kalma ɗaya ba.

Sannan Maigida ya tara ma'aikata a farfajiya. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, sai da ya yi gyaran murya sau uku. Ya ce ya zalunci Yaya, ya ce a gaban kowa ya ɓata ta, a gaban kowa yake wanke ta. Ya miƙa mata makullin da hannu biyu. Ta karɓa, ta ce a fara cire falankin can a sa na mai, busasshe. Baƙin Hannu ya ce tun jiya ya tsoma ɗaya.

Na nemi Mai Sawu in yi masa godiya, na hango shi har ya kai bakin titi da butarsa. Na bi shi a guje.

"Baba, me zan ba ka?"

"Guntayen ledan da kuke zubarwa, ka tara min. Kuma ka rage cin kwalar mutane."

Maigida ya sallami Yaya da wuri, na ce zan raka ta. Tana tafe a miƙe, tana amsa gaisuwar mutanen da jiya ba su gan ta ba. Muka wuce shagon mai walda, muka sha kwana. Muna shiga layin da ba wanda ya san mu, sai ta tsaya cak, ta dafa ni, ta sulale ta zauna a bakin wani kwalbati. Na tsorata.

"Yaya! Lafiya? In tsayar da mota?"

Ta girgiza kai. Kafaɗunta na rawa, na rasa kuka take ko dariya, ashe duka biyun ne. Ta goge fuska da gefen mayafi ta dube ni.

"Ƙanina, ashe yunwa nake ji. Rabona da in haɗiye abu ya wuce maƙogwarona tun ranar ruwan nan. Yaran nake zuba wa, in ce musu na ci a wurin aiki."

Na tsallaka titi da gudu na sayo burodi babba da ruwan sanyi. Ta zauna a nan bakin hanya, motoci na wucewa, ta cinye shi tas, ko tayi ba ta yi min ba. Da ta gama ta karkaɗe zaninta ta miƙo min hannu.

"Ɗaga ni," ta ce. "Mu yi sauri kafin a tashi makaranta. Ni zan je in ɗauko ƙaramar 'yata da kaina, ta babbar ƙofa."